Me Ya Sa Zaƙaƙuran Ɗalibai Ke Neman Biza Tun Kafin Tawadar Kwalinsu Ta Bushe?

Wani matashi ne ya aiko da wannan tambaya: "Na gama digiri da sakamako mafi daraja a sashenmu. Cikin mu biyar da muka fi kowa maki, uku sun riga sun bar ƙasar, ni ma ina kan cike takardu. Mahaifina ya ce kwaɗayin kuɗi ne kawai ke ɗibar mu. Ni kuma ina jin abin da idona ya gani a jami'a ne ya kashe mini gwiwa. Shin da gaske akwai alaƙa tsakanin rashawar da ke jami'o'i da ficewar ƙwararru, ko uzuri ne muke ba kanmu? Kuma da gwamnati za ta hana mu fita, ba shi ke nan ba?"

Ƙanena, ka fara gaishe mini da Baba, ka ce masa bai yi kuskure ba. Kuɗi na cikin maganar, kuma duk wanda ya ce maka babu ruwan albashi a tafiyar likita ko injiniya bai faɗa maka gaskiya ba. Mutum yana da iyaye, yana da ƙanne, yana son ya yi aure ya riƙe gida. Sai dai na shafe sama da shekara ashirin ina koyarwa a jami'a, na zauna a kwamitocin jarrabawa da na ɗaukar ma'aikata, na kuma rubuta wa ɗalibai takardun shaida masu yawan da ban iya ƙirgawa ba. Abin da na lura da shi shi ne, wanda albashi kaɗai ya dama yakan yi ta jinkiri. Yakan ce bari ya gwada shekara biyu, bari ya ga ko za a yi ƙari. Wanda kuwa ya tabbatar a ransa cewa ƙoƙarinsa ba shi da alaƙa da abin da zai samu, wannan ba ya waiwaye. Talauci mutum yakan jure shi muddin yana hango mafita. Abin da ke sa ƙafa ta yi sauri shi ne a gane cewa an ɗaure hanyar tun kafin a fara tseren.

Bari in ba ka labarin da har yau yake ci mini rai. Wata shekara aka ba sashenmu gurbi ɗaya na ƙaramin malami. Muna da yarinya da ta fita da sakamakon da muka daɗe ba mu ga irinsa ba, kundin bincikenta ma har malamin da aka gayyato daga wata jami'a don ya duba ya rubuta a gefen takarda cewa kada mu bari ta kuɓuce mana. Muka zauna, muka tantance, muka jera sunaye, nata a sama. Ranar da takardar ɗauka ta fito, sai ga sunan wani da ko a jerin namu babu shi. Na je ofishin da abin ya fito na tambaya. Mutumin da ke wurin bai musa ba, bai kuma ji kunya ba. Ya buɗe aljihun teburinsa, ya nuna mini wata 'yar takarda mai layi biyu da sa hannun wani babba, ya mayar ya rufe, ya ce, "Malam, ka san yadda abin yake." Da yamma yarinyar ta zo ofishina. Ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba. Ta ajiye fom a gabana ta ce, "Malam, a taimaka a cike mini wannan, ranar Juma'a za a rufe." Fom ɗin neman gurbin karatu ne a ƙasar waje. Na cike. Albashin da za a ba ta a wurinmu ta san shi tun farko, kuma ta yarda da shi. Wannan 'yar takardar mai layi biyu ce ta fitar da ita.

Don a gane dalilin da ya sa rashawar jami'a ta fi sauran ciwo, sai a tuna mene ne kwalin digiri. Takarda ce da ba ta da wata daraja a karan kanta. Shaida ce: wasu mutane da aka yarda da su sun sa hannu sun ce wannan ya san abin da aka rubuta a nan. Mara lafiyar da ya kwanta a gaban likita ba shi da hanyar gwada iliminsa. Wanda ya hau gada bai ga lissafin injiniyan ba. Duk amanar tana rataye ne a kan wannan sa hannun. In jami'in kan hanya ya karɓi na goro, ɓarnar takan tsaya a wannan ranar. In jami'a ta sayar da sa hannunta, ɓarnar za ta yi shekara talatin ko arba'in tana yawo a asibitoci da kotuna da azuzuwa, tana kuma haifar wasu irinta, domin wanda ya sayi digiri gobe shi ne zai koyar, shi ne zai duba takardun wasu.

Cikin ƙofofin da rashawa ke bi a jami'a, ƙofar shiga ita ce aka fi sani. Misalin da ya fi girgiza ni shi ne na jihar Madhya Pradesh a Indiya, badaƙalar da ake kira Vyapam, wadda ta fashe a 2013. Hukumar da ke shirya jarrabawar shiga makarantun likitanci da ta ɗaukar ma'aikatan gwamnati ce ta zama kasuwa. Ana hayar ƙwararrun ɗalibai su zauna a madadin wasu, a canza hoton da ke kan katin jarrabawa. Ana tsara wurin zama yadda mai ƙoƙari zai zauna a gaba, wanda ya biya kuɗi a bayansa yana kwafa. Wasu kuma barin takardar amsa suke yi babu komai, a cike musu daga baya a ofis. An kama mutum sama da 2,000, a 2015 aka miƙa binciken ga hukumar bincike ta tarayya, a 2017 kuma Kotun Ƙolin Indiya ta soke karatun ɗaliban likitanci 634. Mutane sukan tsaya a kan waɗannan 634 su yi ta mamaki. Ni tunanina yakan tafi ga wasu 634 ɗin da ba a san sunayensu ba, waɗanda suka kwana suna karatu, suka ci, aka ture su. Wasunsu sun haƙura da likitanci gaba ɗaya. Masu hali a cikin irinsu kuwa, a kowace ƙasa, waje suke nufa, kuma wanda ya yi karatunsa a waje saboda an zalunce shi a gida yana da wuyar dawowa.

Bayan an shiga sai maganar maki. A nan abin ya fi yawa, ya kuma fi ɓoyuwa, domin ciniki ne tsakanin mutum biyu a bayan ƙofa. Akwai malamin da ke tilasta wa ɗalibai sayen takardun darasinsa, yana rubuta sunan duk wanda ya saya. Akwai sakamakon da ke "ɓata" a ofis har sai an ga mai nema ya zo da wani abu a hannu. Akwai kundin digiri da ake rubuta wa mutum daga bango zuwa bango. Mafi muni shi ne wanda ake biya da mutunci. A watan Oktoba na 2019 sashen binciken BBC na Afirka ya fitar da rahoton da 'yar jarida Kiki Mordi ta jagoranta, inda aka ɗauki wasu malamai na Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana a asirce suna neman 'yan jaridar da suka yi shigar ɗalibai. Ita kanta Kiki ta bayyana cewa irin wannan matsin ne ya raba ta da karatun jami'a. Duk wanda ya daɗe a harkar koyarwa bai yi mamakin abin da ya gani ba, abin da ya zama sabo shi ne kyamara. Ka sa kanka a matsayin ɗalibar da ta ga haka, ko ta tsira ko ba ta tsira ba. In ta gama ta samu hanyar fita, da wane baki za ka ce mata ta tsaya ta gina wurin?

Amma in ka tambaye ni ƙofar da ta fi kowacce korar ƙwararru, zan ce ta ɗaukar aiki da ƙarin girma ce, kuma ita ce aka fi rainawa saboda sau da yawa ko sisi ba ya shiga hannun kowa. Alfarma ce kawai. Ɗan wane, surukin wane, yaron wane, ɗan garinmu, ɗan ɗariƙarmu, ɗan jam'iyyarmu. Mutane da yawa da ba za su taɓa karɓar toshiyar baki ba sukan yi wannan da zuciya ɗaya, suna ganin zumunci suka yi. Kada kuma ka ɗauka ciwon ƙasashe matalauta ne kaɗai. A Italiya akwai manyan farfesoshin da ake yi wa laƙabi da "baroni", wato sarakunan sashe, waɗanda ake zargi da raba kujeru a tsakanin yaransu. A watan Satumba na 2017 masu gabatar da ƙara a birnin Florence suka sa aka yi wa farfesoshin dokar haraji bakwai ɗaurin talala bisa zargin maguɗi a tantance masu neman zama malaman jami'a. Abin da ya tayar da maganar shi ne wani mai bincike da ya naɗi muryar wani babba yana matsa masa ya janye takardarsa don a ba wani. A cikin abin da jaridu suka ruwaito, an ce masa ya daina yi kamar Bature ɗan Ingila, ya yi kamar ɗan Italiya. Ka ji fa. Italiya ƙasa ce mai arziki, tana da jami'o'in da suka fi shekara ɗari bakwai, amma ta daɗe tana kukan matasan masananta suna kwarara Ingila da Jamus da Amurka. Yunwa ba ta kore su ba. Layin da aka sa su ne ba ya motsi sai ga mai uwa a gindin murhu.

Masana tattalin arziki ma sun bi sawun abin da lissafi. Arusha Cooray da Friedrich Schneider sun wallafa bincike a 2016 inda suka kwatanta ƙasashe da yawa, suka ga cewa yayin da rashawa ke ƙaruwa, yawan masu ilimi mai zurfi da ke barin ƙasa yana ƙaruwa tare da ita, abin da bai fito a miƙe haka ba a wajen masu ƙaramin ilimi. Dalilin a fili yake. Mai ilimi shi ne ya fi kowa asara a inda ba a duba cancanta, domin ita ce kaɗai jarinsa. Shi ne kuma ya fi kowa samun inda za a karɓe shi.

Akwai wani ɓangare da ba a cika faɗa wa matasa ba, kuma zai shafe ka kai tsaye tunda kana cike takardu. Rashawar jami'a tana bin mutum har inda ya gudu. A watan Yuni na 2006 aka gano an fitar da tambayoyin jarrabawar lasisin ma'aikatan jinya a Filifin, ƙasar da ta yi suna wajen tura ma'aikatan jinya duniya. Kimanin mutum 17,000 ne suka ci jarrabawar, mafi yawansu ba su ga ko tambaya ɗaya kafin lokaci ba. Duk da haka hukumar da ke tantance takardun masu son aiki a Amurka ta ce ba za ta amince da kowa daga wannan zangon ba sai ya sake rubuta sassan da abin ya shafa. A Pakistan, bayan hatsarin jirgin sama a Karachi a watan Mayu na 2020, ministan sufurin sama ya faɗa wa majalisa cewa matuƙa 262 cikin 860 lasisinsu na da alamar tambaya. Daga baya bincike ya nuna adadin bai kai haka ba, amma magana ta riga ta fita. Turai ta rufe wa kamfanin jiragen ƙasar sararinta, ba a buɗe ba sai a ƙarshen 2024, matuƙan Pakistan da ke aiki a wasu ƙasashe kuma aka dakatar da da yawansu har sai an sake duba takardunsu. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu ya nuna yadda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna a aji ba. A Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo baki ɗaya, har da na waɗanda suka yi shekara huɗu suna karatu tsakaninsu da Allah. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wanda ya sayi takarda ya san abin da ya saya. Mai gaskiya ne ake sa wa ya sake jarrabawa, ya biya kamfanin tantancewa, ya jira wata shida, ko a ɗauke shi aikin da bai kai iliminsa ba. Wannan ma wani dalili ne da ke sa iyaye masu hali fitar da 'ya'yansu tun daga digirin farko, don kada su fito da kwalin da za a riƙa yi wa kallon tuhuma.

Za ka iya cewa, to ai can ma ana yi. Gaskiya ne. A watan Maris na 2019 aka bankaɗo yadda wani dillali mai suna Rick Singer ya karɓi kimanin dala miliyan 25 daga iyaye masu kuɗi a Amurka don shigar da 'ya'yansu jami'o'i irin su Yale da Stanford ta hanyar maguɗin jarrabawa da ƙaryar cewa 'yan wasa ne. Kamfanin Axact na Karachi, wanda jaridar New York Times ta tona a 2015, ya sayar da digirin bogi ta shafukan intanet ɗaruruwa, kuma masu saye suna ko'ina har da Turai da Amurka. Bambancin yana wajen abin da ke biyo baya. Iyayen nan na Amurka, har da fitattun 'yan fim, wasunsu sun kwana a gidan yari. A Jamus, ministan tsaro Karl-Theodor zu Guttenberg, wanda ake ganin zai iya zama shugaban gwamnati, ya sauka a 2011 bayan Jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirinsa na uku saboda satar rubutun wasu. A 2012 shugaban ƙasar Hungary, Pál Schmitt, ya sauka kan irin wannan laifin. Ɗalibin da ya ga haka ya san akwai ɓarayi, amma ya san akwai ranar ƙin dillanci. Ɗalibin da ya ga malamin da kowa ya san halinsa an yi masa ƙarin girma, wanda ya kai ƙara kuma an riƙe masa sakamako, darasin da ya koya dabam ne.

Daga nan ne abin ke zama zobe. Masanin tattalin arziki Albert Hirschman ya yi bayani a littafinsa na 1970 cewa in wuri ya fara lalacewa, mutanen ciki suna da hanya biyu: su ɗaga murya ko su fice. Ya kuma lura cewa waɗanda suka fi damuwa da inganci su ne ke fara ficewa, alhali su ne muryarsu ta fi amfani. Na ga wannan da idona. A zaman tantance sakamako, ba a buƙatar kowa ya zama jarumi. Mutum biyu ko uku sun isa, waɗanda za su ce, "A kawo takardar amsar mu gani," in an ga maki ya tashi daga 32 ya koma 62. In waɗannan ukun suka tafi, ɗaya Kanada, ɗaya Saudiyya, ɗaya ya koma kamfani, ba wanda zai sanar da cewa wani abu ya canza. Zaman zai ci gaba, sai dai yanzu minti ashirin ya ishe shi. Rashawa ta kori masu hana ta, rashinsu kuma ya ba ta fili ta kori na bayansu.

Asarar kuɗin ma ba ƙarama ba ce. Wani bincike da Edward Mills da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar likitocin Birtaniya a 2011 ya ƙiyasta cewa ƙasashe tara na Afirka kudu da Sahara sun yi asarar kimanin dala biliyan 2.17 da suka kashe wajen horar da likitocin da suka koma aiki a Birtaniya, Amurka, Kanada da Ostareliya. Birtaniya kaɗai an ƙiyasta ta ci ribar dala biliyan 2.7 da ba ta kashe ba. Masu cewa ai suna turo kuɗi gida suna da hujja, domin kuɗin da 'yan ci-rani ke aikawa ƙasashe masu tasowa ya haura dala biliyan 600 a shekara, kuma yana riƙe gidaje da yawa. Sai dai kuɗin yana shiga aljihun iyali ne. Ba ya yi wa mara lafiya tiyata, ba ya duba kundin ɗalibin digiri na uku. Likitan ƙwaƙwalwa ɗaya da ya tafi ya tafi da duk waɗanda da zai horar cikin shekara ashirin.

To, a hana su fita? A nan ne nake ganin an bar jaki ana dukan taiki. An sha gwada dabaru. Tun shekarun 1970 masanin tattalin arziki Jagdish Bhagwati ya ba da shawarar a riƙa karɓar haraji daga ƙwararrun da suka yi ƙaura a mayar wa ƙasashensu, ba ta samu shiga ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin ɗaukar ma'aikatan lafiya daga waje a 2010, a 2023 kuma ta lissafa ƙasashe 55 da bai kamata a je ana farautar ma'aikatansu ba, amma ƙa'idar ba ta hana mutum ya nemi aiki da kansa. A Najeriya an kawo ƙudiri a majalisar wakilai a 2023 na tilasta wa likitoci aikin shekara biyar kafin a ba su cikakken lasisi. Ban ga laifi ba in gwamnati ta ɗauki nauyin karatun mutum bisa yarjejeniya bayyananna cewa zai yi mata aiki na wasu shekaru, wannan adalci ne, kuma wanda ya sa hannu ya cika. Amma a wurin da rashawa ta riga ta yi gida, duk wani sabon shinge sabuwar kasuwa ce. In ka ce sai da takardar sallama za a fita, ka ƙirƙiri ofishin da za a sayar da takardar sallama. Ɗan babba zai samu tasa a kwana ɗaya. Wanda za a riƙe shi ne dai wanda aka ture tun farko, yanzu kuma ga ƙarin ɗaci a ransa, kuma likitan da ke aiki da ɗacin rai ba alheri ba ne ga mara lafiya.

Abin da na ga ya yi aiki shi ne a cire hukunci daga hannun mutum ɗaya a bayan ƙofa. Ƙasar Jojiya ce misalin da nake yawan kawowa. Kafin 2005 kowace jami'a ita ke shirya jarrabawar shigarta, kuma sanannen abu ne cewa guraben likitanci da shari'a sayar da su ake yi. A 2005 gwamnati ta ƙwace wannan iko gaba ɗaya ta kafa jarrabawa guda ta ƙasa. An buga takardun a Ingila don kada su fita, aka sa lamba a madadin sunan ɗalibi yadda mai dubawa bai san takardar wa ke hannunsa ba, aka sa kyamarori a ɗakunan jarrabawa har iyaye na kallo daga waje. Makarantu da yawa da ba su cika sharaɗi ba aka hana su ɗaukar ɗalibai. Cikin ɗan lokaci 'ya'yan talakawa daga ƙauyuka suka fara samun guraben da a da ba sa ko mafarkinsu. Yukren ta bi irin wannan hanya a 2008. Ba zan ɓoye maka ba, wannan bai tsayar da ƙaura daga Jojiya ba, domin gyara ƙofar shiga bai samar da aiki ba, bai kuma gyara abin da ke faruwa a cikin azuzuwa ba. Amma ya nuna cewa abin da kowa ke cewa "halinmu ne, ba ya canzuwa" ya canzu cikin shekara ɗaya da aka sauya tsari. Irin wannan ake buƙata a sauran ƙofofin: takardar amsa ba suna, mai dubawa na biyu, damar ɗalibi ya ga takardarsa ya ɗaukaka ƙara, tallata kowane gurbin aiki tare da bayyana makin kowane mai nema, da wurin kai ƙorafin cin zarafi da ba ya ƙarƙashin shugaban wanda ake ƙara. Babu ɗaya a ciki da ke buƙatar kuɗi mai yawa. Abin da suke buƙata shi ne manya su yarda su rasa ikon rubuta 'yar takarda mai layi biyu.

Waɗanda suka tafi ma suna dawowa in an ba su dalili. Koriya ta Kudu ta kafa cibiyar binciken kimiyya da fasaha ta KIST a 1966, ta bi masananta da ke Amurka da Turai ɗaya bayan ɗaya, ta ba su albashi mai kyau da gidaje, ta kuma ba cibiyar 'yancin gudanar da kanta ba tare da katsalandan ɗin ma'aikatu ba. Taiwan ta buɗe dandalin kimiyya na Hsinchu a 1980, ta jawo injiniyoyinta da suka daɗe a Amurka. Morris Chang ya je can a 1985 bayan shekaru masu yawa a kamfanonin Amurka, a 1987 ya kafa kamfanin TSMC, wanda yau shi ne kan gaba a duniya wajen ƙera ƙwaƙwalwar na'urori. Na yi magana da tsofaffin ɗalibaina da yawa da ke waje. Kusan babu wanda ya ce sai an biya shi abin da yake samu a can. Tambayoyinsu iri ɗaya ne: in na dawo, wa zai zama shugabana, kuma ta yaya ya samu kujerar? In na kawo kuɗin bincike, zai isa ɗakin gwaje-gwaje? In na kayar da ɗan wani a jarrabawa, wa zai tsaya mini?

Game da kai kuwa, ƙanena, ba zan ce maka ka zauna ba, ba zan kuma ce ka tafi ba. Abin da ka gani a jami'a dalili ne na gaske, ba uzuri ba ne, kada ka bari a sa ka jin kunyarsa. In ka yanke shawarar tafiya, ka karɓi cikakken bayanin makinka da kwalinka ta hanyar da doka ta tanada, ko da za a ja maka rai, kada ka ba kowa ko kwabo don a gaggauta, domin hukumomin tantancewa sukan koma jami'a su tambaya, kuma tabo ɗaya ya isa ya bi ka har ƙarshen aikinka. In akwai yarjejeniyar tallafin karatu a kanka, ka sauke ta kafin ka ɗaga. Ka riƙe lambar malami ɗaya ko biyu da ka san masu gaskiya ne, domin su ne suka rage a ɗakin nan da ake tantance sakamako, kuma littafi ɗaya, ko gayyata zuwa taro, ko ka duba kundin ɗalibinsu daga inda kake, yana ƙara musu ƙarfin zama. Ita yarinyar da na ba ka labarinta haka take yi. Yanzu tana koyarwa a wata jami'a a waje, kuma duk shekara takan karanta kundin ɗalibaina biyu ta dawo da su cike da jan biro. Bara na tambaye ta ko za ta nemi gurbin da aka sake tallatawa a sashenmu. Ta ce in turo mata sunayen 'yan kwamitin tantancewar tukuna.